Babi na Shida: Murhu a Ginin Wani

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Funtua da hantsi cikin watan Nuwamba ba zai yi mamakin masu burin buɗe gidan abinci a garin ba. Manyan motoci ne a jere, wannan ta ɗauko masara daga Dandume, waccan dawa da waken suya daga ƙauyukan Bakori da Faskari, ga ta rake daga Danja. Kowace mota da direbanta da yaransa, kowane buhu da ɗan dakon da ya ɗora shi, kowane ciniki da dillalinsa, kuma a cikinsu babu mai komawa gida cin abincin rana. Mai tuwo ba ta kai azahar sai ka ji tana kankare tukunya.

Dama can hanya ce ta raya Funtua. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa garin, ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Injin gurzar auduga na Turawan BCGA ya bar sunansa a kan unguwar da muke kira Bisije. A 1975 Bankin Duniya ya kawo shirin bunƙasa noma na Funtua, ɗaya daga cikin ukun farko a Najeriya tare da na Gusau da Gombe. Masaƙa ta zo, sai kuma tashar tsandauri da aka buɗe a 2024. Kowanne daga cikinsu ya tara baƙi, baƙo kuwa ba ya yawo da murhu. Haka Malumfashi, inda mai zuwa Katsina ta Yashe da mai zuwa Kano ta Gwarzo da wanda ya karyo daga Marabar Ƙanƙara duk suke ratsawa.

To amma idon kaka yana ruɗi. Shagon da ka gani cike a Nuwamba, koma ka zauna gabansa a watan Mayu, lokacin da manomi ya tattara abin hannunsa ya zuba a taki, ko a watan Agusta da hatsi ya yi tsada, ruwa ya hana zama a rumfa. Ƙara da watan azumi, wanda cinikin rana ke tsayawa cak. Kuɗin haya bai san kaka ba, bai san bazara ba, wata goma sha biyu yake ƙirgawa. Shi ya sa nake ce wa duk wanda ya nemi shawarata kada ya yi lissafin haya da cinikin ranar kasuwa. Ya je wurin a ranar da babu kasuwa, ya sayi shayi a kusa, ya zauna daga hantsi zuwa la'asar yana ƙirga ƙafafun da ke wucewa. In cinikin irin wannan rana zai iya ɗaukar haya da itace da albashin yara, to wurin ya yi. Abin da kaka ta kawo shi ne riba.

Akwai wata yayata da ta shekara da shekaru tana sayar da tuwo da miyar taushe a rumfa kusa da tasha. Da Allah ya buɗa mata, sai ta kama shago mai ƙofa biyu a bakin titi. Ta same shi kango. Ita ta yi filasta, ta sa tayil, ta kafa rumfar kwano a gaba, ta gina wurin murhu a baya, ta haƙa ramin zubar da ruwan wanke-wanke. Abin da ta kashe a gyara ya fi hayar shekarar farko. Takarda ɗaya ce a hannunta, rasit ɗin da dillali ya rubuta a fallen littafi. Shekara ta zagayo, ciniki ya kankama, direbobi sun san wurin, har masu babur suna kwatance da shi. Sai mai shagon ya zo da kansa bayan la'asar, aka gaisa, aka tambayi iyali, sannan ya faɗi sabon kuɗi, ninki biyu na tsohon.

Ta ce, "Alhaji, ai lokacin da na shigo wurin nan ko ƙofar kirki babu."

Ya ce, "Hajiya, ban musa ba, Allah ya saka da alheri. Amma wani ya taya, ni ma kuma da iyali a kaina."

Na daɗe ina juya wannan magana. Mutumin ba mugu ba ne, kuma gaskiya ne komai ya tashi. Abin da ya faru shi ne darajar da guminta ya ƙara wa wurin ta koma hannunsa, ya kuma sayar mata da ita. Nan ne sana'ar abinci ta bambanta da sauran. Mai sayar da atamfa in an tashe shi, kwana ɗaya ya ishe shi kwashe kaya. Mai abinci kuwa dukiyarta ta kasu uku: tukwane da kujeru da za ta iya ɗauka, gini da kwata da ba za ta iya ɗauka ba, da kuma sabon da mutane suka yi da wurin. Na ukun ya fi tsada, kuma a jikin ƙasa yake maƙale. Direban da ya saba taka birki a gindin wata bishiya ba zai shiga lungu neman inda kika koma ba, zai ci abin da ya tarar. Iya yadda cinikinki ya bunƙasa, iya yadda igiyarki ta ƙara shiga hannun mai gini. Zanen aro ba ya rufe katara, amma wanda bai da nasa sai ya san sharaɗin aron kafin ya ɗaura.

Tambayar farko tun kafin maganar kuɗi ita ce: wa ke da wurin? A garuruwanmu shaguna da yawa na gado ne da ba a raba ba. Babban wa ne ke karɓar haya, ƙanne suna kallo, har ranar da ɗayansu zai kai ƙara kotun shari'a a raba gado, alƙali ya sa a sayar da ginin. Ɗan haya yana cikin tuƙa tuwo zai ji an yi ciniki. In shagon na magada ne, a nemi takardar da ke nuna sun wakilta mutum ɗaya, ko duk su sa hannu. In na ƙaramar hukuma ne, irin na kasuwa da tasha, a ga takardar rabon da aka ba wanda ke riƙe da shi, a kuma tabbatar a sakateriya cewa an yarda ya ba wani haya, domin sau da yawa wanda ke kiran kansa mai shago shi ma ɗan haya ne. Mai unguwa ya san tarihin kusan kowane gini a yankinsa. Gaisuwar da za ka kai masa ba asara ba ce. Dillali kuwa la'adarsa yake nema, kuma halal ɗinsa ce, amma ba shi zai tsaya maka a kotu ba.

In wurin a bakin babban titin tarayya yake, kamar na Zariya ko na Gusau, akwai wani abin dubawa. Doka ta ware wa hanyar tarayya mita 45.72 daga tsakiyar kwalta ta kowane ɓangare. Rumfar da ta shiga wannan fili zaman alfarma take yi, ranar da aka tashi faɗaɗa hanya jan fenti za ta wayi gari da shi.

Sai takarda. Mutanenmu suna jin nauyin neman a rubuta, kamar rashin yarda ne. Ban ga dalilin wannan kunya ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma malaman Malikiyya sun sharɗanta cewa haya ba ta inganta sai an san tsawon lokacinta an san kuɗinta. Wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba. Mutuwa yake tunawa, da mantuwa, da magadan da ba su halarci cinikin ba.

Abin da ya fi muhimmanci a takardar gidan abinci shi ne tsawon wa'adi da yadda ƙari zai kasance. Shekara ɗaya ta yi kaɗan ga mai shirin haƙa rami da gina murhu. A nemi biyu ko uku, ko da shekara-shekara za a riƙa biya, a kuma rubuta tun yanzu nawa za a ƙara a shekara ta biyu da ta uku. Mai gini ba zai yarda kuɗi ya tsaya wuri ɗaya ba, musamman bayan abin da kowa ya gani tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma bai kamata a nemi haka daga gare shi ba. Ƙarin da aka sani tun farko ana shirya masa. Wanda ke karya mutum shi ne na bayan la'asar. In wa'adin ya haura shekara uku, aikin ya zama na lauya, domin irin wannan haya tana buƙatar cikakkiyar takarda mai hatimi da rajista, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa yardar gwamna a kan bayar da hayar filin da ke da takardar mallaka ta jiha.

Daga nan sai maganar gyara. A ƙa'ida abin da aka gina a jikin ƙasa ya zama na mai ƙasa. Don haka a zauna a lissafa: tayil, silin, banɗaki, ramin ruwa, wanne za a cire daga kuɗin haya, wanne ɗan haya ya yafe, wanne zai ɓalle ya tafi da shi, kamar tankin ruwa da fanka da rumfar kwano. A rubuta ƙarara cewa abinci za a dafa a wurin, da wuta da hayaƙi da hayaniyar da ke tare da haka, kada gobe a ce ai shagon tireda aka ba ka. A duba mita. Bashin wutar KEDCO a aikace ginin yake bi, wanda ya ci ya tafi, wanda ya shigo shi ake yanke wa waya. Ranar karɓar makulli a rubuta abin da mita ke nunawa da abin da ake bin gidan, kowa ya sa hannu.

Game da tashi kuwa, ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi ita ce, in ba a rubuta wani abu daban ba, mai hayar wata yana da notis na wata ɗaya, mai hayar shekara yana da na wata shida, bayansa kuma a ba shi na kwana bakwai kafin a shigar da ƙara. Mai gini ba shi da ikon cire rufi ko sa kwaɗo ko watsar da kaya da hannunsa. Yayata ba ta san wannan ba a lokacin. Da ta sani, da aƙalla ta sami wata shida na neman wuri cikin natsuwa.

Wani abu da ban taɓa jin an faɗa a littattafan kasuwanci ba, amma duk ɗan yankin nan zai gane shi: ranar da haya ke cika ita ma abin ciniki ce. Masu gine-gine da yawa a Funtua da Malumfashi manoma ne. Buƙatarsu ta kuɗi tana tsananta a farkon damina, lokacin taki da iri da kuɗin ƙwadago. Mai abinci kuwa aljihunta a kaka yake cika. Wadda ke da ajiya tana iya samun ragi mai kyau in ta yi tayin biya a watan Mayu. Wadda ba ta da shi ta nemi a tsayar da ranar biya a Disamba, ko a raba biyu. Abin gudu shi ne haya ta cika a tsakiyar Agusta, lokacin da kowa ke kame-kame.

Akwai kuma abin da babu wanda ya hango. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar tsaro da ta hana sayar da dabbobi a wasu kasuwanni, ta hana motoci ɗauko itace daga daji, ta hana sayar da fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Funtua da Bakori da Malumfashi. Nama, itace, man janareta, kiran mai kawo kaya: duk abin da gidan abinci ke tsaye a kai aka taɓa lokaci ɗaya, haya kuma tana ta tafiya. Masu gini da yawa sun yi haƙuri don Allah. Amma layi biyu a takarda da ke cewa in hukuma ta rufe hanya ko kasuwa za a ɗaga biya, sun fi a dogara da halin mutum kawai.

Yanzu ga ɓangaren hukuma, wanda mutane suka fi tsoro, alhali shi ne mafi arha. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da shaguna, da gidajen abinci, da gidajen burodi, da duk wurin da ake sayar wa jama'a abinci, har da allunan talla na waje. Ke nan ƙofar farko sakateriyar ƙaramar hukuma ce, sashen lafiya, inda duba-gari suke.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar duba-gari ya zama na ƙarshen ganin wuri. An biya haya, an yi fenti, an kafa allo, sai ya zo ya ce banɗaki ya yi kusa da wurin girki, ko kwatar tana zuba a titi, ko rijiyar tana daf da masai. A lokacin babu abin yi sai rushe-rushe ko roƙo, roƙon kuma kowa ya san inda yake kaiwa. Juya tsarin. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, je ofishin ka ce kana so a duba maka wuri. Mutumin da aka gayyata yana zuwa ne a matsayin mai ba da shawara, kuma ya karanci abin, ko a makarantar kiwon lafiya ta Kankiya ko ta Daura ko tsohuwar makarantar tsafta ta Kano. Idonsa zai faɗa kan abin da naka ya tsallake: inda ruwan wanke-wanke zai bi, inda shara za ta zauna kafin a kwashe, ko hayaƙi zai sami mafita, ko akwai hanyar ɓera daga ma'ajiyar hatsin maƙwabci.

Ruwa shi ne rabin maganar. Gidan abinci yana shan ruwa fiye da yadda mai shirin buɗe shi ke zato, kuma wanda zai dogara da 'yan garuwa dole ya san daga ina suke ɗebowa, ya kuma sa kuɗin kurar ruwa na watan Afrilu cikin lissafi. Ba don takarda ake wannan ba. A 2021 cutar kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, jihar Katsina tana cikin waɗanda abin ya fi shafa, Funtua kuma ta ɗanɗana. Tukunya ɗaya a bakin tasha tana ciyar da mutanen da kafin dare za su watsu zuwa Gusau da Zariya da Katsina.

Shi ne kuma dalilin gwajin lafiyar masu girki da masu zuba abinci, wanda galibi ake so a sabunta duk wata shida, ana duba irin su taifot da tarin fuka da ciwon hanta. Na sha jin ana cewa, "Yarinyar nan lafiyarta ƙalau, me za a gwada?" A birnin New York na Amurka, a 1907, jami'an lafiya sun gano wata kuku mai suna Mary Mallon wadda ba ta jin ciwon komai, amma gidan da ta yi wa girki sai taifot ya ɓulla. Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar cuta yana raba ta bai sani ba. Takardar asibitin a ajiye ta a shago, kuma duk sabuwar yarinyar da aka ɗauka a kai ta kafin ta taɓa ludayi.

Sauran takardun ba su da wuya. In za ka sa wa wurin suna wanda ba sunanka na yanka da na mahaifi ba, dokar kamfanoni ta 2020 ta ce ka yi masa rajista da hukumar CAC cikin kwana 28 da fara aiki, kuma ta intanet ake yi. Da wannan takarda ake buɗe asusun banki da sunan shago, da ita ake neman kwangilar ciyar da taro ko rancen masu ƙananan sana'o'i. Hukumar tattara kuɗin shiga ta jiha tana karɓar kuɗin rajistar wurin kasuwanci da na sabuntawa duk shekara, ƙaramar hukuma tana karɓar na shago da na allo. Dokar 1998 da ta raba wa kowane mataki na gwamnati abin da zai karɓa ta hana wanda ba jami'in haraji ba karɓar kuɗi, ta kuma hana tare hanya don haraji. Don haka kowa ya zo da littafin rasit, tambaye shi cikin ladabi sunan kuɗin da ofishin da ya aiko shi, ka biya inda za a ba ka shaida, ka adana ta cikin leda. Mai rasit a hannu ba ya biya sau biyu. In kana dafawa ana ci nan take, da duba-gari kake hulɗa. Ranar da ka fara ɗura zoɓo ko kunun aya a roba da tambarinka kana kai wa shaguna, ka shiga hurumin NAFDAC. In da gas kake girki, nemi jami'an kashe gobara su ga inda tukunyar gas za ta zauna, ka sayi abin kashe wuta ka koya wa yara amfani da shi. Jihar tana bin shari'ar Musulunci tun 2000, ga kuma Hisba, saboda haka maganar giya ba ta taso ba, kuma wurin da ke buɗe har tsakar dare ya kula da irin zaman da ake yi a cikinsa.

Yayata ta biya ƙarin nan na shekara ɗaya, don ba ta da mafita. Cikin shekarar ta riƙa neman wuri a hankali, har ta sami wani a kan layin, bai fi taku ɗari ba daga tsohon, yadda direbobi za su hango allonta daga inda suka saba tsayawa. Wannan karon duba-gari ta fara kaiwa. Ya zagaya baya, ya nuna mata cewa gangaren ƙasar zai kai ruwanta ƙofar maƙwabci, aka sa haƙa rami cikin sharuɗɗa, aka cire kuɗinsa daga hayar shekarar farko. Ginin na magada huɗu ne. Ta ƙi ba da ko sisi sai da aka jira na huɗun ya zo daga Kaduna, aka zauna a zauren mai unguwa, ɗanta ya karanta takardar da Hausa kowa ya ji: shekara uku, ƙari kaza a ta biyu, kaza a ta uku, biya a makon farko na Disamba. Babban wan ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ashe lauya ce ke." Ta ce, "A'a, Alhaji, an taɓa ni ne." Suka sa hannu, mai unguwa da liman suka shaida, aka yi fatiha, aka raba goro. Washegari da asuba ta sa aka ɗauko tukwanen a kura.